Annobar 2020 a Kano da Kwashe Almajirai: Wa Zai Ba da Ba'asi?

Haƙƙin da ke wuyan gwamnati game da annoba yana farawa ne tun kafin cuta ta shigo gari. Ɗakin gwaji, ma'aikatan bin sawun masu ciwo, kuɗin gaggawa, da rajistar da ke nuna wa aka haifa, wa ya rasu, wa ke zaune a ina, duk ba a samar da su cikin mako guda, don ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya faru a Kano tsakanin Afrilu da Yuni na 2020 ya nuna haka ƙarara. A watannin ne mutuwa ta yawaita a birni har masu haƙar kabari suka fara kokawa, a lokacin ne kuma aka riƙa loda almajirai a motocin bas ana mayar da su jihohin da aka ce can ne asalinsu. Galibi akan tuna al'amuran biyu daban-daban, alhali tushensu ɗaya ne. Hukuma ce ta wayi gari tana yanke hukunci a kan mutanen da ba ta da lissafinsu.

Ƙaramar hukumar Tarauni wuri ne da ake ganin wannan lamari da kyau. Tana cikin ƙananan hukumomi 8 da suka haɗu suka zama ƙwaryar birnin Kano, tare da Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo. A cikinta Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, a kan titin Zariya, inda aka buɗe ɗakin gwajin korona na farko a jihar. A cikinta tashar Unguwa Uku take, inda matafiya ke shiga da fita dare da rana. Mazaɓunta irin su Ƙauyen Alu, Gyaɗi-Gyaɗi, Darmanawa da Daurawa kuwa cike suke da makarantun allo, wasu a zaure, wasu a rumfar bakin masallaci, wasu a kangon da ba a gama ginawa ba. Mai tafiya a ƙasa daga Ƙauyen Alu zuwa ƙofar asibitin koyarwa zai ratsa duk ɓangarorin da wannan labari ya shafa.

Shirin tunkarar annoba yana da ma'auni, kuma Najeriya ta sa hannu a kansa. Dokokin kiwon lafiya na ƙasa da ƙasa na 2005, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke kula da su, sun wajabta wa kowace ƙasa ta iya gano ɓullar cuta, ta ba da rahoto, ta kuma ɗauki mataki cikin hanzari. A 2017 ƙwararru daga ciki da waje suka auna shirin Najeriya a kan wannan ma'auni, ta sami kashi 39 cikin 100. Daga nan aka tsara shirin tsaron lafiya na ƙasa na 2018 zuwa 2022, kuma a Nuwamban 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ba hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa cikakken matsayi, ko da yake tun 2011 take aiki. Ta fuskar kuɗi ma akwai alkawura. Yarjejeniyar Abuja ta 2001 ta ce ƙasashen Afirka su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, abin da gwamnatin tarayya ba ta taɓa cimmawa ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara saka kuɗin. Da korona ta iso, dokar da shugaban ƙasa ya dogara da ita wajen kafa kulle ita ce dokar killacewa ta 1926, wadda Turawan mulkin mallaka suka bari.

Wani abin da ke dagula bin ba'asi shi ne yadda aka rarraba nauyin. NCDC ta tarayya ce, tana tsara ƙa'ida da haɗa alƙaluma. Asibitin koyarwa ma na tarayya ne. Manyan asibitoci irin su na Murtala da asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ake kira Asibitin Zana na jiha ne. Ƙananan asibitocin unguwa da jami'in sa ido kan cututtuka, wanda ya kamata ya fara jin labarin duk wata mutuwa da ba a saba gani ba, suna matakin ƙaramar hukuma. Rajistar haihuwa da mutuwa kuma tana hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Idan abu ya tafi daidai, kowa yana da rabo a yabo. Idan ya ɓaci, kowa yana da wanda zai nuna wa yatsa.

Kano ba baƙuwar annoba ba ce. A 1996 sanƙarau ya kashe dubban mutane a Arewa, kuma a tsakiyar wannan bala'i ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya shafi yara kimanin 200 a Asibitin Zana. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Raunin da wannan ya yi wa yarda da hukuma ya fito fili a 2003, lokacin da jihar ta dakatar da rigakafin shan-inna har zuwa tsakiyar 2004. A 2014 Ebola ta shigo Legas har ta kai Fatakwal, aka murƙushe ta bayan ta kama mutum 20 ta kashe 8. Nasara ce ta gaske, sai dai ta bar wa mutane zaton cewa ƙasar a shirye take, alhali abin da aka gwada shi ne ƙarfin Legas da Fatakwal, ba na Kano ba.

An gano mai korona na farko a Najeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020. A lokacin ɗakunan gwajin da ke iya gano cutar ba su wuce 5 ba a faɗin ƙasar, kuma babu ko ɗaya a Arewa maso Yamma. Samfurin da aka ɗauka a Kano sai an kai shi Abuja. Kano ta sami kusan mako 6 na sarari kafin a tabbatar da mai cutar na farko a jihar ranar 11 ga Afrilu. Gwamna Abdullahi Umar Ganduje ya rufe iyakokin jihar tun ƙarshen Maris, ya kafa kwamitin kar-ta-kwana ƙarƙashin mataimakinsa Nasiru Yusuf Gawuna, aka tanadi wuraren killacewa a Kwanar Dawaki da asibitin Giginyu, Gidauniyar Dangote kuma ta shirya wani a filin wasa na Sani Abacha. Ranar 16 ga Afrilu da dare dokar kulle ta fara aiki.

Cikin kwanaki kaɗan tsarin ya fara tangaɗi. Wasu daga cikin 'yan kwamitin da kansu suka kamu. Ɗakin gwajin asibitin Malam Aminu Kano, wanda shi kaɗai ne a jihar, ya dakatar da aiki na kwanaki a ƙarshen Afrilu saboda ƙarancin kayan aiki da kamuwar wasu ma'aikata. Asibitoci masu zaman kansu da dama suka rufe ko suka rage karɓar marasa lafiya, don ba su da kayan kariya. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya saba ganin likita duk wata ya rasa inda zai je. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu cikin tsananin zafin bazara.

Labarin yawan mutuwar bai fito daga wani ofishi ba. Daga bakin masu haƙar kabari ya fito. Su ne suka ga makara na bin makara, suka lura cewa aikin da suka saba yi a mako yanzu a yini guda suke yin sa, kuma yawancin waɗanda ake kawowa dattawa ne. A garin Musulmi, wanda ya rasu da asuba kafin azahar an yi masa wanka, an suturta shi, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Ba a neman takardar likita kafin a rufe shi, kuma kaso kaɗan ne na mace-macen ƙasar nan ke shiga rajistar hukuma. Don haka da aka tambayi gwamnati mutum nawa suka rasu, kuma me ya kashe su, ba ta da littafin da za ta buɗe. Da farko ta musanta cewa akwai wani abu na daban, daga baya ta danganta mace-macen da zazzaɓin cizon sauro, hawan jini, ciwon suga da sanƙarau. A makonnin ne Kano ta rasa manyan mutane irin su Farfesa Ibrahim Ayagi, Sarkin Rano Tafida Abubakar Ila, da Jarman Kano Farfesa Isa Hashim. Ranar 27 ga Afrilu shugaban ƙasa ya kafa wa Kano kulle na mako 2, aka turo tawaga ƙarƙashin Dakta Nasiru Sani Gwarzo.

Tunda ba a gwada mamatan ba, sai aka bi hanyar da ta rage, wato zuwa gida-gida ana tambayar iyalai irin alamun da mamacin ya nuna kafin ya cika. Ranar 8 ga Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana sakamakon: mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi 8 na birni a lokacin da aka bincika, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa korona ce ta kashe su ko ta taimaka. Adadin da ke cikin alƙaluman hukuma na waɗanda korona ta kashe a Kano a lokacin bai kai ko kusa da haka ba. Tazarar da ke tsakanin lissafin biyu ita ce girman abin da tsarin sa ido ya kasa gani.

Dokar kulle ta takura wa kowa, amma ga almajiri ta katse hanyar abinci ne gaba ɗaya. Rayuwar ƙolo a unguwa irin Ƙauyen Alu a kan zirga-zirga take tafiya. Bayan karatun asuba yakan jingine allo, ya ɗauki roba, ya bi gidaje yana neman ɗumame ko ɗan ƙanzo. Wanda ya yi sa'a yana da uwar ɗaki, gidan da yake yi wa shara da wanke-wanke da aike, a zuba masa abinci, wani lokaci a ɗinka masa kayan sallah. Manya daga cikinsu, titibirai da gardawa, suna dako a kasuwa, wankin hula, yankan farce ko tura baro. Alaramma ba shi da albashi, da kuɗin Laraba da sadaka da ɗan noman damina yake riƙe da makaranta. Da aka ce kowa ya zauna a gida, aka rufe kasuwa, magidanta suka shiga lissafin kwanon shinkafar da ya rage, sai duk waɗannan ƙofofi suka rufe lokaci guda. Ko da aka sassauta dokar aka ba da Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 zuwa 4 don sayen abinci, sassaucin na mai kuɗin cefane ne. Batun ba da tazara da yawan wanke hannu kuwa ba shi da ma'ana a zauren da yara da yawa ke kwana a tabarma ɗaya, kuma ruwan da ake sha sai an saya wurin 'yan garuwa.

Matsalar ta gaske ce, kuma dole gwamnati ta yi wani abu. Tambayar ita ce me za ta yi. A Afrilun 2020 Ƙungiyar Gwamnonin Arewa, ƙarƙashin Gwamna Simon Lalong na Filato, ta amince a kawo ƙarshen almajiranci yadda ake yin sa, a mayar da kowane yaro jiharsa. Kano dama ta haramta bara a titi tun Fabrairu, kuma ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a 2019. Cikin kwanaki aka fara jigila: yara 419 zuwa Katsina, 524 zuwa Jigawa, 155 zuwa Kaduna, sannan wasu jihohin suka biyo baya. Gwamna Nasir El-Rufa'i ya ce Kaduna ta fitar da fiye da 30,000. Ita ma Kano ta karɓi nata daga wasu jihohi, ta ajiye su a sansanoni, ciki har da na masu yi wa ƙasa hidima da ke Ƙaraye. Jigawa ta ajiye nata a sansanin Fanisau kusa da Dutse. Waɗanda iyayensu ke Jamhuriyar Nijar, daga yankunan Maraɗi da Damagaram, su ma da yawa sun tsallaka.

Hujjar gwamnonin ba ta rasa tushe ba. Yaro ɗan shekara 7 ya fi dacewa a gaban iyayensa, musamman lokacin annoba, kuma babu jihar da ta yi kasafin ciyar da dubban yaran da ba ta san da zamansu ba. Sai dai yadda aka aiwatar da shawarar ya saɓa wa ƙa'idar farko ta daƙile cuta, wadda ta ce idan wuri ya kamu, a tsayar da mutane inda suke, a gwada su, a ware masu ciwo, a ciyar da kowa. Kano a lokacin ita ce inda cutar ta fi ƙamari a Arewa, ɗakin gwajinta na fama da matsala, an kuma hana kowa tafiya daga jiha zuwa jiha. Duk da haka aka cusa yara cikin motoci kafaɗa da kafaɗa na tsawon sa'o'i. Auna zafin jiki a bakin mota ba ya gano korona a jikin yaro, don yara da yawa ba sa nuna alama. Sakamakon bai jima ba. Kaduna ta sanar da cewa 65 daga cikin yaran da aka kawo mata daga Kano suna ɗauke da cutar, Jigawa ta sami 91, Bauchi da Gombe ma suka sami nasu. Shugaban kwamitin fadar shugaban ƙasa mai yaƙi da korona, Boss Mustapha, ya ce jigilar ta saɓa wa dokar hana zirga-zirga, Majalisar Wakilai kuma ta nemi a dakatar. Jihohi suka shiga musayar zargi a kan wa ya aika wa wa da cuta, har almajiri ya koma abin gudu, kamar shi ya ƙirƙiro ciwon da masu hawa jirgi suka shigo da shi.

Ta fuskar doka ma akwai magana. Sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya so a Najeriya, sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda asali, sashe na 14 kuma ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne aikin gwamnati na farko. Babu inda aka ce yaro yana rasa wannan 'yanci don yana riƙe da allo. Ɗan makarantar kwana ta boko da aka sallama a watan Maris, iyayensa ne suka zo suka ɗauke shi, da sunansa a rajista, da ajinsa na jiransa. Almajiri kuwa sau da yawa abin da jami'i ke da shi a kansa bai wuce abin da yaron ya faɗa da bakinsa ba: sunansa, sunan mahaifinsa, da sunan wani ƙauye da ƙila akwai irinsa uku a jihar.

A nan ne dokokin da duniya ta tsara game da kwashe yara a lokacin yaƙi ke da abin koyarwa. Wajibi ne a bambance abubuwan biyu. Abin da gwamnonin Arewa suka yi ba laifin yaƙi ba ne, ba abokan gaba ne suka kwashe yaran ba, manufar da aka bayyana kuma ita ce haɗa su da iyayensu. Kwashe yara a yaƙi wani abu ne mai muni na daban. Yarjejeniyar hana kisan ƙare-dangi ta 1948 ta lissafa ɗauke yaran wata al'umma da ƙarfi a mayar da su cikin wata a jerin ayyukan ƙare-dangi. Sashe na 49 na Yarjejeniyar Janiba ta huɗu ta 1949 ya haramta kwashe fararen hula daga yankin da aka mamaye. A kan irin wannan zargi ne Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague ta ba da sammacin kama Shugaba Vladimir Putin na Rasha da jami'arsa mai kula da haƙƙin yara, Maria Lvova-Belova, ranar 17 ga Maris 2023. Yukiren, wadda Rasha ke yaƙi da ita, ta ce an kwashe mata yara fiye da 19,000, Rasha kuma ta ce ceto su ta yi daga fagen daga.

Abin lura shi ne sharuɗɗan da aka gindaya ko da kwashewar don amfanin yaran ce. Sashe na 78 na ƙarin yarjejeniyar Janiba na 1977 ya ce kwashe yara zuwa wata ƙasa ya zama na ɗan lokaci, da rubutacciyar amincewar iyaye ko masu riƙo, kuma kada karatun yaron ya tsaya, har da na addini. Sannan ya wajabta a buɗe wa kowane yaro kati mai hoto, a rubuta sunansa, sunan uwa da uba, wurin haihuwa, harshen da yake ji, lafiyarsa, wata alama a jikinsa, inda aka same shi da inda aka kai shi, a aika da katin ga sashen neman 'yan uwa na ƙungiyar Red Cross. Waɗanda suka rubuta wannan sun koya daga yaƙin duniya na biyu cewa yaron da aka ɗauke ba rubutu, ɓacewa yake yi. Najeriya ma ta ɗanɗana. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 an ɗebi yara kimanin 5,000 daga yankin Biyafara zuwa Gabon da Kwaddibuwa. Sai da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta shiga tsakani aka dawo da su tsakanin ƙarshen 1970 da farkon 1971, kuma gano iyayen waɗanda aka ɗauka suna jarirai ya zama aiki mai wuya. Idan har ana buƙatar kati da yardar iyaye a ƙarƙashin ruwan harsashi, babu uzurin da zai sa a yi ƙasa da haka a lokacin zaman lafiya.

Ba ma duk almajiran Kano ne suka fito daga inda ake zaman lafiya ba. Tun da rikicin Boko Haram ya tsananta, malamai da ɗalibansu daga Borno da Yobe suka yi ta kwararowa Kano, ta bakin titin Maiduguri da ke iyaka da Tarauni. Daga baya hare-haren 'yan bindiga a Zamfara, Katsina da gabashin Sakkwato suka ƙaro wasu. Ga uban da aka ƙone masa rumbu, tura ɗa karatu Kano hanya ce ta tsirar da shi. A ce a mayar da irin wannan yaro jiharsa, ina ke nan? Najeriya na cikin Yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan 'yan gudun hijirar cikin gida, wadda ta hana tilasta wa mutum komawa inda rayuwarsa ke cikin haɗari. Kano kanta ta taɓa nuna cewa akwai wata hanya, lokacin da ta karɓi marayu 100 daga Borno a 2015 ta buɗe musu makarantar kwana a Mariri.

Bin ba'asi ya ƙunshi kuɗi, ya kuma ƙunshi shawara. A ɓangaren kuɗi, Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ba Najeriya dala biliyan 3.4 a Afrilun 2020, gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 500 don yaƙi da cutar, gamayyar 'yan kasuwa ta CACOVID ta tara biliyoyi, Gwamna Ganduje kuma ya nemi naira biliyan 15 daga tarayya. A Oktoban shekarar, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbuna a Jos, Kaduna, Jalingo, Legas da wasu garuruwa, suka tarar da kayan tallafi jibge ba a raba ba. Gwamnoni sun ce ana jiran kammala karɓar kayan ne, ko an ajiye don zagaye na biyu na cutar. Ko da hakan gaskiya ne, rashin wallafa jerin abin da aka karɓa da wanda aka bai wa shi ya sa ba wanda ya yarda. Ƙungiyoyi irin su SERAP, BudgIT, Connected Development da CITAD ta Kano sun yi ta neman bayanai, wasu ta hanyar dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Babban mai binciken kuɗi na jiha da kwamitin majalisa mai kula da asusun gwamnati su ne doka ta ɗora wa wannan aiki tun asali.

Ba'asin shawara ya fi wuyar samu. Wa ya ce a kwashe yaran kafin a gwada su? Shawarar wane likita aka bi? Nawa ne suka isa hannun iyayensu, nawa aka sa a makaranta, nawa suka rasu ko suka ɓace a hanya? A Birtaniya an kafa kwamitin bincike ƙarƙashin tsohuwar alƙaliya Heather Hallett, tsofaffin firaministoci suka zo suka amsa tambayoyi a bainar jama'a bisa rantsuwa, kuma rahotonsa na farko a Yulin 2024 ya ce gwamnatin ta gaza wa 'yan ƙasarta wajen shiri. Irin wannan zama bai zama al'ada a Najeriya ba, ko da yake gwamna na da ikon kafa kwamitin bincike na shari'a, majalisar jiha kuma na da ikon gayyatar kowane kwamishina.

An sami sauye-sauye bayan annobar. An ƙara ɗakunan gwaji a Kano, ciki har da na Jami'ar Bayero. Jihar ta saka layin kuɗin shirin annoba a kasafinta, daga baya ta kafa cibiyarta ta yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa. Makin Najeriya a awon 2023 ya tashi zuwa kashi 54 cikin 100. A Mayun 2023 Kano ta sami dokar kare yara, shekara 20 bayan dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, a watan ne kuma aka sa hannu a dokar kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Amma doka da gini ba su ne aiki ba. Makarantun tsangaya na zamani 157 da gwamnatin Goodluck Jonathan ta gina, tun daga ta Gagi a Sakkwato a 2012, da yawansu sun lalace saboda ba a fayyace wa zai riƙe su ba. Almajiran da aka kwashe kuwa, da aka buɗe hanyoyi a Yulin 2020 suka fara dawowa, don talaucin da ya fito da su da ƙishin karatun da ya sa iyaye suka turo su suna nan yadda aka bar su. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa, kuma galibinsu yara ne da ba a yi wa rigakafin da aka daɗe ana bayarwa kyauta ba.

Mafi yawan abin da ya rage a yi a matakin mazaɓa yake, kuma ba mai tsada ba ne. Mai unguwa a Ƙauyen Alu ko Gyaɗi-Gyaɗi ya san kowace makarantar allo da ke yankinsa da sunan alarammanta. Alaramma ya san mahaifin kowane yaro, don hannu da hannu aka damƙa masa shi, kuma yau da wuya a sami ƙauyen da ba mai waya. Kwamitin maƙabarta ya san gawa nawa aka kawo jiya. Abin da babu shi ne littafin da zai haɗa wannan sani, da jami'in da aikinsa ne ya karɓa duk mako ya miƙa wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Malamai da dama suna ɗari-ɗari da rajista, kuma suna da dalili, tunda karon da hukuma ta zo ƙirga ɗalibansu da gaske, motocin kwashewa ne suka biyo baya. Rajistar da za ta yi aiki sai ta zo da abin da malam zai gani a ƙasa, kamar rigakafi, katin asibiti, ruwa da makewayi, da kuma tabbaci a rubuce cewa idan wata annoba ta zo, za a ciyar da yaran a gwada su a inda suke, ba za a motsa kowa ba sai an yi magana da iyayensa kuma an san wanda zai karɓe shi a can.